Ranar da Aka Zaunar da Mama Dorothy

A kamfanin nan na taki da iri da ke kan hanyar Bosso, in ka shiga ka ce kana neman Dorothy Shekwolo, sai an yi ta kallon juna. Amma ka ce Mama Kowa-ya-samu, to maigadi ko tashi daga bencinsa ba zai yi ba, da baki zai nuna maka ofishinta. Wani ɗan ɗaki ne can ƙarshen baranda, jikin sito, cike da tsofaffin fayil da wata fanka mai juyawa kamar an yi mata dole. Nan take wuni, ba mai leƙa ta sai wanda takardarsa ta ɓace, shi ma ɗin daga bakin ƙofa yake tsayawa. Amma bari shekara ta zo ƙarshe a fara maganar walimar ma'aikata, sai ka rantse kasuwa aka ɗauko aka juye a ɗakin. Wannan ya shigo, wancan ya fita, Mama kaza, Mama kaza. Ita kuwa ta yi ta faɗa wai sun dame ta, alhali duk wanda ya dubi fuskarta ya san daɗi take ji.

Gbagyi ce ta Garatu. Ubanta Shekwolo manomin doya ne, irin mutanen nan da ba su da hira sai ta gona. Uwarta a kafaɗa take ɗauko doyar zuwa bakin titi, yadda matan Gbagyi suke yi, don a wurinsu kai ba wurin ɗora kaya ba ne. Dorothy ce kaɗai ta yi nisa a boko a gidan. Ta koyi buga tafireta, ta samu aiki a Minna tun tana budurwa. Da kwamfuta ta zo aka tattara tafiretocin aka jibge a sito, ita kuma aka tura ta ɗakin fayil da ke maƙwabtaka da su. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa ta yi gara ita, an bar mata fanka.

Walimar ma bakinta ne ya jawo mata. A shekarunta na farko, abin da ake kira walima shi ne a jera ma'aikata a benci, a miƙa wa kowa kwalbar lemo da biskit, manaja ya yi jawabi, a watse. Wata shekara ta juya biskit ɗin nan a hannu ta ce, da ƙarfi kuwa, ko a gidan makoki an fi haka ci. Ashe manajan lokacin yana tsaye a bayanta. Ya ce, "To, baɗi ke za ki yi mu gani." Aka kwashe da dariya. Baɗi ta zo, ta yi, aka gani, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake tambayar wa zai shirya walima.

A wurinta ranar jajibirin walimar ita ce ainihin bikin. Tun da hantsi Malam Ndaliman direba, wani Banufe ɗan Bida mai shegen son tsokana, zai tafi Garatu da a-kori-kurar kamfani ya ciko ta da doya, ya zagaya wajen masuntan madatsar ruwa ta Tagwai ya haɗo da kifi. Rago kuwa shi ke yankawa, ba wani ba. Mama Kirista ce ta gidi, 'yar zumuntar mata a cocinsu, amma ba ta yarda wani ya zo walimarta yana ɗari-ɗari da nama yana tambayar wa ya yi yanka ba. "Wuƙa taka, tukunya tawa," haka take ce masa duk shekara. Sai a kafa duwatsun murhu a bayan sito, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar mangwaro, matan kamfani kaf su tuɓe takalma su ɗaura zani a kan kayan ofis. Ga Rukayat mai sayar da iri a kanta, ga sakatariyar manaja, ga masu shara, duk a tabarma ɗaya, albasa tana sa kowa hawaye. A fere doya, a gyara kifi, a yi gulmar maza son rai. Wata ta jawo waƙar coci, wata ta amsa mata da ta Nufawa. A gindin mangwaron nan aka taɓa ɗinke auren wata da ya kusa mutuwa, a nan kuma Mama ta dubi Rukayat ta ce mata tana da ciki tun mijin bai sani ba.

Washegari a daka sakwara, a zuba miyar agushi, a jera kifi da nama. Musulmi ya buɗe taro da addu'a, Kirista ya rufe. Mama ba ta zama. Tana nan tsakanin tebura da ludayi a hannu, ta ƙara wa wannan miya, ta harari wancan don ya ɓoye nama a ƙarƙashin sakwara ya ce ba a sa masa ba. Sai ta kai wa maigadi nasa har bakin ƙofa, sannan ta tsaya a tsakiyar rumfa ta ɗaga murya, "Kowa ya samu?" Jama'a su amsa, "Mun samu, Mama!" Sai a lokacin take komawa bayan sito, ta kankare abin da ya rage a gindin tukunya, ta ci a tsaye. Ƙa'idarta ce, ba ta kai lomar abincin walima baki sai an amsa mata. Daga nan sunan ya samo asali.

To, kowa ya ɗauka matar da ke ciyar da taro haka gidanta cike yake da mutane. Ina! Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu tun yara suna sakandare. Ɗanta Wisdom aiki ya kai shi Fatakwal, 'yarta Praise aure ya kai ta Jos. Yaran kirki ne, kar a ɗauki alhakinsu, suna kira suna aike. Amma ita kaɗai take kwana take tashi a gidanta na Tudun Fulani. In ta dawo da yamma, rediyo take fara kunnawa tun ba ta cire takalmi ba, don kawai ta ji muryar mutum. Tukunyar da take girki da ita don ƙanƙanta ba ta son maƙwabta su gan ta a wurin wanke-wanke. A ofis in an ce, "Mama, ya yara?" sai ta ce, "Lafiya lau, suna gaishe ku." Ba ƙarya ta yi ba, ba dai wanda ya taɓa tambayar daga ina suke gaisuwar. Kaɗaici ne ke cinta a tsaye, kuma jajibirin nan na bayan sito shi ne ranar da yake sakinta a duk shekara.

Bana ce shekararta ta ƙarshe. Da an rufe ofis a ƙarshen Disamba, ta yi ritaya ke nan. Ba ta bari tunaninta ya wuce nan. Abu ɗaya ta riƙe: wannan walimar ta ƙarshe za ta yi ta da hannunta, a bayan sito, da matan nan a zagaye da ita, yadda za a daɗe ana ba da labari. Tun damina ta je Garatu ta sa ɗan yayanta ya ware mata doya mai kyau, irin wadda sakwararta ke fita sumul ba gudaji.

Sai ga sabon manaja, Malam Ubaidullahi. Mutum ne mai tarbiyya, har rusunawa yake in zai gaishe ta. Wallahi da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, da sai ta yi masa tatas ta wuce. Ya tara ma'aikata a ɗakin taro, ya miƙe yana murmushi.

"Jama'a, bana walima biyu za mu haɗa," in ji shi. "Ta ƙarshen shekara, da ta sallamar Mamanmu. Kuma kowa zai zo da iyalinsa."

Aka yi tafi. Mama ma ta tafa, tana ta lissafin turame a zuci.

"Sannan na yanke hukunci. Bana Mama ba za ta taɓa ko cokali ba. Shekara da shekaru tana tsaye muna zaune. Wannan karon ita za ta zauna."

Ya nuna Jennifer, wata sabuwar ma'aikaciya a sashen mulki, mai kazar-kazar, kullum waya a hannu. Ita aka ba aikin. Har ta samo masu girkin kwangila, za su zo da abincinsu a dafe, da rumfa, da kujeru, da masu rabawa.

Mama ta ɗaga hannu. "Oga, ko albasa ce a bar ni in yanka."

Ɗakin ya ɗauki dariya, an ɗauka barkwancinta ne da aka saba.

"Haba Mama!" in ji manaja. "Ai sai a zage mu a gari. A ce ranar sallamarki muka bar ki a bakin murhu?"

"Ni ban ce na gaji ba."

"Mun san ba za ki faɗa ba. Shi ya sa muka faɗa miki."

Tafi ya sake tashi, har da masu guɗa. Ta yi murmushi, to me za ta ce? Mutane sun taru za su karrama ka, ka miƙe ka ce ba ka so? Ta koma ɗakin fayil ta zauna. A duk watan nan ba wanda ya tura ƙofarta da maganar walima.

Ba ta haƙura nan take ba. Ta samu Jennifer a teburinta ta ce, "'Yata, mutanen nan naki, wa ke yi musu yanka?"

"Mama, an gama wannan maganar, Musulmi ne. Ki kwantar da hankalinki."

"Maigadi fa? Shi ba ya barin ƙofa, sai an kai masa."

"Mama!" Jennifer ta tashi tana dariya, ta riƙo kafaɗunta cikin ladabi, ta raka ta har ƙofar ɗakin fayil. "Ke dai ki zo ranar ki yi kyau. Shi ne aikinki."

Sai ta nufi kanta wurin Rukayat, tana sa ran ta samu mai taya ta jin haushi. Ai tare suka sha hayaƙin nan shekara da shekaru. Ta tarar da ita baki har kunne.

"Yaya Dorothy, Allah ya yi wa Ogan nan albarka! Bana zan sa lalle ya kama, in zauna in ci kamar 'yar gata. Bara fa sai da na yi kwanaki bayana bai miƙe ba."

"Haka ne," in ji Mama. "An sha aiki."

A hanyar komawa ne abin ya faɗo mata. Ashe ranar da ita take ƙirga wa watanni, su wahala ce suke daurewa, wataƙila ma don kunyarta. Ba ta ga laifin Rukayat ba, mace mai miji da yara da suruka a gida, hayaniya ba baƙuwarta ba ce. Amma maganar ta yi mata ciwo fiye da ta manaja.

Ana saura 'yan kwanaki Jennifer ta leƙo. "Mama, mun ware miki babban teburi a gaba, na iyalinki zalla. Zai ishe su ko a ƙaro kujeru?"

Nan ne ya kamata ta buɗe baki ta faɗi gaskiya. Ta dubi fuskar yarinyar, cike da murnar ta yi abin kirki, sai ta ji kanta tana cewa, "Zai isa."

Da ta koma gida ta kira Wisdom. Ya ce ba a ba shi hutu ba, sai Ista. "Wani babban abu ne, Mama?"

"A'a, ɗan taro ne na ofis. Yi aikinka."

Praise kuwa ga goyo ga hanya, tun kafin ta gama kame-kame Mama ta ce ta yi zamanta. Haka take, ba ta iya cewa ina bukatarku, ko da kuwa 'ya'yan da ta haifa ne. Ta yi tunanin matan zumunta. Da ta yi magana a coci da sun cika teburin har sun yi yawa. Amma ta ji nauyin a ce da furfurarta tana yawon aron iyali, ta fasa.

Ranar jajibiri doyar Garatu ta iso, don ta manta ba ta aika a fasa ba. Ba inda za a kai ta, sai aka jibge mata a barandar gida. Ta je ofis kamar kullum. Da rana ta yi ta zagaya bayan sito. Duwatsun murhun suna nan a gindin mangwaro da baƙinsu na bara, ganye ya rufe tokar. Tana tsaye sai ga Malam Ndaliman ya zo ɗebo ruwan wanke mota.

"Mama, bana wuƙata tsatsa za ta yi," in ji shi.

"Ka shafa mata mai."

Ya yi dariya, ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai aka kira shi daga waje ya tafi.

Ranar walima ta zo. Gaskiya Jennifer ta yi ƙoƙari, ba a raina mata ba. Farar rumfa, kujeru da kyallaye ɗaure a bayansu, masu kiɗa a gefe. Kowa ya sha anko, ita kuwa Mama nata leshi ne na daban da ma'aikata suka ɗinka mata, da ɗauri mai tsayi da ya hana ta juya wuya. Aka taro ta tun daga bakin ƙofa da guɗa, aka kai ta gaba aka zaunar. Teburin dogo ne, an shimfiɗa masa farin mayafi, an kafa kwali a tsakiya an rubuta Iyalan Mama Dorothy. Kujeru sun zagaye shi, ita kaɗai ce a kai.

Jama'a suka yi ta kwararowa. Wanda aka ce ya zo da iyali a garin nan ai ba mata da 'ya'ya kawai zai kawo ba, har da ƙanne da surukai da 'yar maƙwabta da ta ga ana shiri. Kafin a buɗe taro da addu'a kujeru sun ƙare. Mata suna ɗauke da yara a cinya, maza sun jingina da ƙafafun rumfa. Wani bawan Allah ya gaji da tsayuwa, ya lallaɓo ya kama kujera ɗaya daga teburin Mama. Kafin ta ce ɗauka, Rukayat ta taso da lallenta ja wur ta buge masa hannu.

"Kai, ba ka iya karatu ba ne? Na iyalan Mama ne!"

Ya saki kujerar ya ba da haƙuri. Tun daga nan ba wanda ya sake kusantar teburin sai mai gaisuwa. Su zo su durƙusa, su ce Allah ya sanya albarka, sannan su dubi kujerun.

"Mama, ba su ƙaraso ba?"

"Suna hanya."

Ta faɗa wa na farko, ta faɗa wa na biyu, har kalmar ta daina yi mata nauyi a baki. Manaja da kansa ya zo ya ce ko a tura Ndaliman tasha ya ɗauko su. Ta ce a'a, sun san hanya. Ga mutane cunkus ana ta raha a bayanta, ga ta a gaba an bar mata fili, kowa yana girmama ta daga nesa. A ɗakin fayil ma ba ta taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, don can aƙalla ba mai kallonta.

Aka kawo abinci a 'yan robobi, shinkafa da kaza. Ita aka zubo mata a farantin tangaran aka ajiye a gabanta, aka kuma jera roba a gaban kowace kujera ta iyalinta. Ta ɗauki cokali ta ajiye. Ita da ba ta taɓa cin abincin walima a zaune ba, balle a gaban idanu haka! Ta juya da ƙyar ta hango bakin ƙofa. Maigadi yana bencinsa hannu rabbana, yana leƙen rumfa. Ta ɗauki roba ɗaya ta miƙe.

Mai lasifika ya gan ta. "A'a, a'a, a'a! Jama'a, ku ga Mama za ta karya doka! A zaunar da ita!"

Aka fashe da dariya. Mata biyu suka rugo, ɗaya ta karɓe robar ta mayar inda take, ɗaya ta gyara mata ɗauri, suka zaunar da ita suna cewa haba Mama, yau ranarki ce. Ta ce musu maigadi. Suka ce za a kai masa. Ba ta ga an kai ba.

Manaja ya yi jawabi, ya ce Mama uwa ce ga kowa, ya ce wanda Allah ya ba uwa irinta a gida ya gode. Daga nan Jennifer ta karɓi lasifika, ta ƙanƙance ido, ta kwaikwayi muryar Mama, "Kowa ya samu?"

Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, "Mun samu, Mama!" Ana dariya ana tafi ana juyowa ana kallonta. Don su faranta mata suka yi, ta sani. Ta ɗaga hannu ta yi musu murmushi.

Da aka kira la'asar, Musulmi suka tashi salla, aka tsayar da kiɗa, wuri ya ɗan yi sako-sako. Mama ta zare jiki ta bi ta bayan rumfa ta nufi bayan sito. Ba wani abu take so ba, ta dai ɗan tsaya a inda ta saba. Ta tarar motar masu girki ce a gindin mangwaro, an ture duwatsun murhun gefe don taya ta samu wuri. Wasu mata da ba ta sani ba, da fararen huluna, suna ta harhaɗa kuloli. Hannunta da kansa ya kai ga wani ludayi da aka bari a kan murfi.

Ɗaya daga cikinsu ta ɗago, ta dubi leshin da ɗaurin, ta ce cikin ladabi, "Madam, yi haƙuri, nan ba wurin baƙi ba ne. Ki koma ciki, za a kawo miki duk abin da kike so."

Mama ta dube ta. Da a ce wata rana ce da matar nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Amma ai gaskiya ta faɗa. Ta ajiye ludayin ta ce, "Sannunku da aiki," ta koma teburinta ta zauna.

Da aka zo rufe taro aka ba ta kyaututtuka, aka yi hotuna, aka yi mata addu'a ta Musulmi da ta Kirista. Sai Rukayat da Jennifer suka taho suna nishi, riƙe da wata ƙatuwar kula sabuwa dal. Sun juye abincin teburin iyalinta kaf a ciki, sun ƙara da wani.

"Yaya Dorothy, tunda mutanen gida ba su samu ƙarasowa ba, ga nasu," in ji Rukayat. "Ki ce muna fushi, amma dai su ci."

"Za su ji," in ji Mama. "An gode."

Malam Ndaliman ne ya kai ta Tudun Fulani a a-kori-kura. Rana ta yi sanyi, masu sayar da rake da lemo suna ta hada-hada a bakin titi. Ya tsayar da mota a ƙofar gidanta. Ya sauko da kular zai shigar mata, ta tare shi.

"Bar ta nan, Malam. Za a fito a ɗauka."

Ya dubi ƙofar. Kwaɗo ne a jiki, a kulle ta waje. Ya dubi Mama, ya sunkuyar da kai.

"To, Mama. Allah ya ba da hutu mai albarka."

"Amin. Ka gaida gida. In ka koma ka duba ko an ba maigadi."

Sai da motar ta sha kwana sannan ta buɗe ƙofa. Ta tuɓe takalma, ta cire ɗaurin nan ta naɗe, ta durƙusa ta ciccibi kular ta ɗora a kafaɗa, yadda uwarta ke ɗaukar doya. Ta ratsa ta gefen tulin doyar Garatu da ke baranda ta shiga kicin ta sauke.

Ba ta kunna rediyo ba, yau kunnenta ya sha hayaniya. Ta ɗaura zani a kan leshin, ta buɗe kular, tururi ya bugi fuskarta. Tun safe ba abin da ya shiga cikinta. Ta ciro ludayinta daga inda yake rataye, ta ɗauko faranti ɗaya ta zuba, ta ɗora tsokar kaza a kai. Ta juyo ta fuskanci falo, kujerun nan na zamanin mijinta suna jere. Sai maganar ta fito mata, a hankali, ba da muryar rumfa ba.

"Kowa ya samu?"

Ta tsaya da farantin a hannu tana jira, har shinkafar ta daina tururi, don ita ba ta cin abincin walima sai an amsa mata.